Biron Zakiru a Gidan Mushe Na'Allah

Mushe Na'Allah, wanda sunan Mushe ya bi shi daga aikin malanta, ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da alli, goma sha biyu daga cikinsu yana daraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, daga Mai Yara zuwa Azagor, daga Azagor zuwa Ɗan Gulbi, kafin ya ajiye aiki ya dawo gidan mahaifinsa a Dakoro. Saboda haka a ganinsa ana iya koya masa abubuwa da dama a duniya, amma ban da yadda ake shirya wa ma'aikaci wurin aiki.

Ƴaƴansa biyar duk sun watse garuruwa. Gidan ya saura daga shi sai yayarsa, Goggo Uwale, wadda ta dawo wurinsa tun rasuwar matarsa. To, ana gama girbin hatsi sai ga autansa Zakiru ya sauka daga motar Yamai, da jaka ɗaya da ordinatar, wato kwamfuta. Sana'ar Zakiru rubuta porogaram, wato jera wa na'ura umarni layi bayan layi har ta san abin da za ta yi. Kamfanin da yake wa aiki ya karɓi aikin wata ƙungiyar makiyaya: a yi musu porogaram na cikin waya, wanda masu yi wa dabbobi allurar rigakafi za su riƙa shigar da kowane garken da suka gama da shi, ko da a dajin da babu rezo, inda waya ba ta shiga. Shefinsa, wato shugabarsa a wurin aiki, Madam Aisata, ta yarda ya yi aikin daga gida, wata uku na gwaji. In abu ya tafi daidai, ya zauna Dakoro. In ya ja baya, ya tattara ya koma biro, wato ofishinsu na Yamai.

Mushe bai nuna wa kowa ba, don ba halinsa ba ne, amma tun da ya ji wannan sharaɗi ya ƙudura a ransa cewa yaron nan ba zai koma ba. Shekara shida ke nan yana cin abinci shi kaɗai.

Ya sa aka share zaure, aka shafe shi da farar ƙasa. Ya fito da taburinsa na darakta, ya kafa shi yana fuskantar ƙofa, ya jera benci biyu a gefe. Haka mahaifinsa ya zauna, lokacin da yake rubuta wa mutanen gari wasiƙu. Haka shi ma ya zauna a kowane lakwal da ya riƙe. Ma'aikaci na gaskiya a bakin ƙofa yake, inda kowa zai ga hannunsa yana motsi, kada a ce ɗan wane ya dawo daga birni ya shige ɗaki yana barci.

Zakiru ya dubi tabur, ya dubi benci, ya ce, "Baba, su wa za su zauna nan?"

"Jama'a."

"Wace jama'a?"

"Wadda za ta zo," in ji Mushe, yana mamakin tambayar.

Jama'a kuwa ta zo. Masu sannu da zuwa suka yi kwana huɗu suna zuwa, kuma a Dakoro ba a yin sannu da zuwa a tsaye. Bayan su sai masu larura. Liman ya kawo wayarsa da ta daina ƙara. Wani mahauci ya kawo tasa da hotuna suka cika. Mai gyaran babur ya zo a cika masa takardar neman katin ɗan ƙasa, tunda ga na'ura a buɗe. Waɗanda ba su da larura kuma suka gano cewa zauren Mushe ya fi gindin itacen bedi sanyi, kuma akwai wurin sa waya caji. Mushe yana gefe a kujerarsa, yana karɓar gaisuwa, yana jin gidan ya koma yadda yake a da.

Amma duk waɗannan ba su kai Goggo Uwale ba. Zakiru yana da wata ɗabi'a: in tunani ya yi zurfi sai ya dafa kunci da hannu, ya ƙura wa allon na'ura ido, ya yi shiru kamar an dasa shi. Goggo kuwa ba ta taɓa wuce mai tagumi ba ta bar shi da shi. Ta koya daga uwarta, uwarta daga tata. Tana fitowa za ta miƙa hannu ta ture nasa.

"Subhanallahi! Tagumi da ranka da na ubanka? Mi aka yi maka?"

"Goggo, aiki nake."

"Wane aiki? Tun ɗazu nike leƙenka, ko yatsa ba ka motsa ba. In wata ce a Yamai, faɗa mini, in aika."

"Ba kowa, Goggo."

"To ɗauke hannunka. Ga fura."

A wuni ɗaya takan cire masa tagumi sau biyar ko shida, kuma duk sanda ta yi sai Zakiru ya runtse ido, ya yi wani dogon numfashi, irin na wanda ya ga an zubar masa da abin da ya sha wahalar ɗebowa.

A mako na uku ya gwada yi wa mahaifinsa bayani. Ya ce kafin ya rubuta layi ɗaya sai ya ɗauki abu goma sha ya riƙe a kansa lokaci guda, wannan yana rataye da wancan. In aka yi masa sallama ya amsa, duk sun zube, sai ya yi kusan rabin awa kafin ya sake tattara su.

Mushe ya saurara har ƙarshe, yadda ya saba sauraren ɗalibi. Sannan ya ce, "A Mai Yara na riƙe aji mai yara tamanin da huɗu, ƙarƙashin rumfar kara, awaki suna shigowa. Ina gyaran takardu, ina sauraren karatu, ina raba faɗa. Ban taɓa cewa wani abu ya zube ba."

"Ba iri ɗaya ba ne, Baba."

"Aiki dai aiki ne."

Zakiru ya nemi wata dabara. Ya saya wa kunnuwansa wani abin toshewa mai kama da faifai biyu. Wannan ya ƙara lalata al'amari, don yanzu mai sallama sai ya yi sau uku ba a amsa ba, ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya fita yana cewa ɗan Mushe ya koyo girman kai.

Ranar wata Litinin da hantsi, a mako na bakwai, Madam Aisata ta kira. Zakiru ya fita bayan gida ya amsa, ya dawo fuskarsa ba daɗi. Mushe ya tambaya, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: aikin da ya kamata a ce ya kai ƙarshe bai wuce rabi ba. Saura kwana goma sha biyu a fara allura. In porogaram bai tashi ba kafin ranar, gwaji ya ƙare, ya koma biro a Yamai.

"Ka gaya mata an ba ka tabur?"

"Baba, a Yamai kwana biyu nake yin abin da nake yi nan a mako."

Wannan magana ta soki Mushe fiye da yadda ya bari a gani. Ya yi azahar, ya ƙi cin abinci, ya zauna yana juya al'amarin. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya rasa misali. Bai saba yin abu ba sai ya san wanda ya riga shi yi. A rufe ƙofa a hana mutane gaisuwa, ba ciwo, ba takaba, a gidan da ba a taɓa mayar da baƙo ba? A wane zamani aka yi haka?

Sai wajen la'asar ya tuna da rijiyar lakwal ta Azagor. Shekarar da aka haƙa ta shi ne darakta. Mai haƙar yana can ƙasa, gaba ashirin da wani abu, ba a ko ganinsa. A bakin rijiya kuma akwai wani dattijo da ba ya yin komai sai riƙon igiya da korar mutane. Ko shi Mushe da ya leƙa zai yi wa na ƙasa sannu da aiki, dattijon ya daka masa tsawa: in ka kira shi zai ɗaga kai, in ya ɗaga kai ƙasa ta zuba masa a ido. Ba wanda ya ce mai haƙar yana da girman kai. Har rago aka yanka masa.

Mushe ya miƙe. Ya samu misali.

Washegari ya sa aka kwashe buhunan gyaɗa daga ɗakin ajiya na can ƙuryar gida, aka kai tabur ciki, aka ja wayar wuta daga fanon hasken rana. Benci biyu suka koma gidan maƙwabci. Shi kuma ya ɗauki kujerarsa ya kafa a tsakiyar ƙofar zaure, ya sa babbar riga da hula, ya ɗora sanda a cinya.

Liman ne ya fara zuwa.

"Zakiru na ciki?"

"Yana ciki. Ba a ganinsa."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Yana ƙasan rijiya."

Liman ya dube shi, ya dubi cikin gida, ya yi addu'a ya wuce. Kafin azahar an mayar da mutum goma sha ɗaya. Goggo ce ta ba da wahala, don ita a cikin gida take. Mushe ya same ta da ƙwaryar fura a hannu, ta nufi ƙurya.

"Yaya, a ajiye a bakin ƙofa."

"Na'Allah, ni za ka yi wa iyaka cikin gidan ubana? Ni na yi maka wanka."

"Na sani. A ajiye a bakin ƙofa."

"Kun kulle yaro cikin ɗakin gyaɗa kamar mai laifi. In wani abu ya same shi a ciki fa, wa zai gani?"

"In ya yi tagumi ma, a bar masa abinsa. Na ba da izini."

Goggo ta dire ƙwaryar har fura ta fantsama, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai ta bakin maƙwabciya.

Aiki kuwa ya tashi. Zakiru yakan fito salla da cin abinci idanunsa suna haske, yana magana shi kaɗai, ya koma. Ran Alhamis ya ce abin da ya yi a kwana uku ya fi na wata guda. Mushe ya gyaɗa kai kawai, kamar wanda dama ya san haka za a yi.

Ranar kasuwa, da hantsi, sai ga Intalla. Intalla makiyayi ne na Azagor, dogo, mai rawani, ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyar da ake yi wa porogaram ɗin, kuma abokin Mushe ne tun shekarun da ya yi a can. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka tambayi bisashe, aka tambayi ruwa. Sannan Intalla ya ce wurin yaron ya zo.

A nan Mushe ya ga damar nuna wa gari cewa dokarsa ba ta san fuska ba. Ai ya taɓa mayar da ɗan sarki gida saboda latti.

"Ba a ganinsa."

"Ni ne fa, Mushe."

"Ko kai ne."

"Tun asuba na taso."

"Allah ya ba da lada. Bayan kwana takwas ka dawo, in yanka maka kaza."

Intalla ya gyara rawani har ya rufe hanci, ya juya ba sallama. Mushe ya ji ɗan nauyi, amma ya ji daɗin kansa ya fi.

Bayan azahar Zakiru ya fito, ya leƙa zaure, ya leƙa titi.

"Baba, Baba Intalla bai zo ba? Tun safe nake jiransa, wayarsa kuma ba ta shiga."

"Ya zo. Na sallame shi."

"Kun yi mi?"

"Ka ce kada a katse ka."

"Ni na kira shi! Shi kaɗai nake bukata a duk garin nan!"

Mushe ya ɗaga sanda ya buga a ƙasa. "To wa ka gaya wa? Da can an buɗe ƙofa, ka ce ana zubar maka da tunani. An rufe, ka ce an kori wanda kake so. Yaro, wane irin aiki ne wannan da ba ya son mutane kuma ba ya yi sai da su?"

Zakiru ya sassauta murya, ya tsuguna, ya yi bayani. Porogaram ɗin yana tambayar sunan mai dabba, sannan ya jera dabbobinsa a ƙarƙashinsa. Amma a gwajin da aka yi, lissafin shanu ya ƙi daidaita: wata saniya ta fito sau biyu, wata ba ta fito ba sam. Ya bincika layi-layi, ba kuskure a rubutunsa. Kuskuren yana cikin yadda ya fahimci garke, kuma ba mai warware masa sai wanda ya tashi cikin shanu. In ba a gyara wannan ba, sauran duk banza ne.

Mushe ya tashi. Ya shiga ɗaki ya sake hula, ya fita, ya nufi kara, inda ake cinikin dabbobi, cikin rana tsaka, abin da bai yi ba tun da ƙafarsa ta fara ciwo. Ya sami Intalla a ƙarƙashin wata rumfa, da mutum uku, ana dafa shayi.

"Salamu alaikum. Intalla, magana gare ni."

Intalla bai ɗago ba. Ya ce wa na kusa da shi, "Gaya wa Mushe ba a ganina."

"Haba, Intalla."

"Ina aiki. Bayan kwana takwas ya dawo."

Mutanen rumfa suka fashe da dariya. Mushe Na'Allah, wanda sufetoci suka tsaya a gaban taburinsa, ya tsaya a bakin rumfa da sanda, har aka sha shayi na fari, aka sha na biyu. Sai a na uku Intalla ya matsa masa a tabarma, ya miƙa masa kofi.

Da ya ji matsalar, dariya ya yi. Ya ce, "Habbanaye ne. Kai da ka zauna cikinmu shekara bakwai ka manta? In ba ka saniya aro, ta zauna garkenka, ta haihu, ka riƙe ƴaƴan, ka maido mini uwar. In mai allura ya tambaye ni shanuna, zan ƙirga da ita, don tawa ce. In ya tambaye ka, za ka ƙirga da ita, don a hannunka take. Wani kuma kunya ta hana shi faɗin ta aro ce, wani ya ce ba tasa ba ce ya bar ta." Ya kurɓi shayi. "Amma ba zan koma gidanka ba. In yaro na son ya gane, ya biyo ni gobe, ya tsaya bakin rijiya ya ga yadda garke ke shigowa. Na'urarsa ba ta taɓa jin warin saniya ba."

Kwana biyu Zakiru ya yi a Azagor. Mushe ya ƙirga su da yatsa, ya sake ƙirgawa: saura takwas, saura bakwai, saura shida, ga ɗaki an share, ga ƙofa an tsare, ma'aikaci kuma yana daji yana kallon shanu suna shan ruwa. Goggo ta samu abin faɗa. "Ka kori gari saboda shi, shi kuma ya tafi yawo."

Da ya dawo, baƙi ƙirin da rana, abin da ya fara yi shi ne goge kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rubuta. Da bakinsa ya faɗa, yana murna, ana cin tuwo.

Mushe ya ajiye loma. "Ka goge."

"Na goge, Baba. Yanzu ba mai dabba za a fara tambaya ba. Wanda ya kawo ta rijiya za a tambaya, sannan a ce tasa ce ko ta hannu. Ya fi sauƙi nesa."

"Aikin da na tsaya a rana saboda shi, ka goge."

"Ai shi ya nuna mini hanya."

Mushe ya dubi yayarsa, ita ma ta dube shi. Karo na farko cikin mako suka yarda da juna a kan abu ɗaya. A zamaninsa, ɗalibin da ya yage shafi uku cikin goma saura kwana biyar jarrabawa, sai an kira ubansa.

Amma ya koma bakin ƙofa. Wannan karon da sabon tsari, wanda Zakiru ya roƙa a yi: daga safe zuwa azahar ba a shiga, sai wanda shi ya ambata da suna tun da safe, bayan la'asar a buɗe, mai waya ya kawo, mai gaisuwa ya gaisa, Goggo ta shiga ta faɗi duk abin da ta tara. Mushe ya ga tsarin ya yi sassauci da yawa, ya kuma faɗa, amma ya riƙe shi ba ragi. Liman ya yi fushi na kwana uku. Mahaucin ya daina aiko da tsire.

Ana saura kwana ɗaya Zakiru ya aika da aikin. Aka fara allura a rijiyoyi uku na arewa. Kwana huɗu ba labari, Mushe yana fita zaure yana dawowa, yana tambayar ko wayar tana da caji. A na biyar, da walaha, Madam Aisata ta kira. Zakiru ya amsa a tsakar gida, yana "to, Madam", "na gode, Madam", mahaifinsa yana tsaye a kansa.

"Mi ta ce?"

"Ta ce masu allura sun ce lissafi ya daidaita. In zauna nan har bayan damina, a ga yadda za ta kasance. Amma duk mako biyu in fita daji kwana biyu, in zauna da masu aiki da shi."

"Daji kuma."

"Sharaɗinta ke nan."

Mushe ya auna abin: ya tsare yaro a Dakoro, ga shi rabin yini a kulle, kwana huɗu a wata a bakin rijiya. Sannan ya ce, "A rubuce ta ba ka?"

"Ta turo saƙo ta waya."

"Karanta."

Zakiru ya karanta. Layi biyu ne, har da ɗan hoton babban yatsa a ƙarshe.

"Ba lamba, ba sa hannu, ba hatimi," in ji Mushe. "Da wannan ake tsayar da ma'aikaci a gari yanzu." Ya sa aka sake karanta masa, ya girgiza kai, ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa.

"Ina za ku, Baba?"

"Wurin magini. Bazara na tafe, ɗakin nan sai an fasa masa taga ta arewa. Kai koma ciki, azahar ba ta yi ba."